Allon kwamfuta ya ɗauke: Yaushe za a gyara, yaushe za a sayi wani?

A yawancin ofisoshi da shagunan buga takardu na garin Daura, duk ranar da allon kwamfuta ya ƙi kawo hoto, hukuncin farko da ake yankewa shi ne ya ƙone. Daga nan sai a jingine shi a bayan kabad, a shiga lissafin kuɗin wani. Amma kalmar ƙonewa tana lulluɓe matsaloli da dama waɗanda ba su haɗa komai ba. Wata canjin waya kaɗai ne maganinta, wata ƙaramin gyara ce ta rabin yini, wata kuwa ko Legas aka kai ta ba za a tashe ta ba. Tambayar da ke raba su guda ce: lalacewar tana cikin gilashin da ke nuna hoto ne, ko tana bayansa?

Batun ya shafi mutane da yawa a wannan masarauta fiye da yadda yake shekara goma da suka wuce. Bayan sakatariyoyin ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, yanzu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a ƙarshen wannan shekarar, ga kuma Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta daɗe tana yaye ɗalibai. Kowace makaranta tana janyo shagunan buga takardu da na rajista ta intanet a kewayenta. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, lokacin rajista ya zama kakar waɗannan shaguna, kuma allon da ya mutu a wannan lokaci asarar ciniki ce ta kowace rana.

Sannan ga tsada. Duk allon da ke kan teburanmu daga waje aka shigo da shi, saboda haka tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin sabo da na hannu duka suka haura. Manyan dillalan kayan kuma ba a Daura suke ba. Wanda ke son zaɓi mai yawa sai ya bi hanyar Kazaure zuwa Kano, ya shiga titin Beirut ko Farm Centre, su ma can akasarin kayansu daga Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba suke tasowa.

Abin da ke cikin allon

Allon zamani mai faɗi, wanda 'yan kasuwa ke kira monita, abubuwa huɗu ne a dunƙule. Akwai bod ɗin wuta, wanda ke karɓar lantarki daga soket ya rage ƙarfinsa. Akwai bod ɗin hoto, wanda ke karɓar saƙo daga kwamfuta. Akwai fitilar da ke haskawa daga baya. Sai gilashin kansa, wanda ba ya samar da haske, aikinsa kawai ya buɗe ko ya toshe hasken fitilar a kowane ɗigo. Allo mai girman 1920 da 1080 yana da irin waɗannan ɗigogi 2,073,600, kowanne da sashen ja da kore da shuɗi.

Ukun farko ana kwance su a gyara ko a musanya. Na huɗun shi ne ya cinye mafi yawan kuɗin allon tun daga masana'anta, kuma shi ne ba ya gyaruwa. Duk binciken da za a yi, manufarsa a gano wanne daga cikin huɗun ne ya gaza, idan ma har laifin na allon ne.

A fara da abin da ba ya cin ko sisi

Abu na farko da za a duba shi ne 'yar fitilar da ke ƙasan allon. Idan ba ta kama ba sam, wuta ce ba ta shiga. A gwada wani soket, a cire allon daga wayar jone-jone a sa shi kai-tsaye a bango, a ari wayar wuta ta akwatin kwamfutar, domin galibi iri ɗaya ce. Allon da ke aiki da adafta a waje ya fi sauƙin sha'ani, domin adaftar ce ke fara mutuwa ta bar allon lafiya lau. Sai dai a karanta abin da aka rubuta a jikinta kafin a sayi wata: da yawa bolt 12 suke bayarwa, wasu allunan Samsung 14 suke so, wasu na LG kuma 19. Jona wa allo adaftar da ta fi ƙarfinsa don kawai bakinta ya shiga, hanya ce ta mayar da ƙaramar matsala babba.

Idan fitilar ta kama, sai a zare wayar hoto daga bayan allon a danna maɓallin menu. Wannan gwaji ne da mutane da yawa ba su sani ba, alhali ya fi kowanne amfani. Rubutun menu daga cikin allon yake fitowa, babu ruwansa da kwamfuta. Idan ya fito tas, babu layi babu ɓata launi, to bod ɗin wuta da fitila da gilashi duk suna aiki, sai a koma kan waya ko kwamfutar. Haka nan idan allon ya rubuta No Signal, yana shaida cewa shi yana raye ne, saƙo ne bai iso gare shi ba. Wani lokacin ma an taɓa maɓalli ne bisa kuskure, allon yana jiran hoto ta ƙofar HDMI alhali ta VGA aka jona shi.

Wayar VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, kamfanin IBM ne ya fito da ita tun 1987, kuma har yau ita ce a mafi yawan ofisoshinmu. Launi uku kowanne da allurarsa, shi ya sa idan ɗaya ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa hoton yake rikiɗa. Hoton da ya koma ruwan ɗorawa ya rasa shuɗi, wanda ya koma ruwan hoda ya rasa kore, wanda ya koma shuɗi-shuɗi mai haske ya rasa ja. An sha kai allo wurin gyara saboda wannan, alhali wata wayar ce kawai ake buƙata.

Gwaji na gaba musanya ce. A jona allon da wata kwamfutar, ko a jona kwamfutar da talabijin mai ƙofar HDMI. Idan allon ya yi aiki a wani wuri, to kwamfutar ce da laifi, kuma a ƙasarmu ta hunturu wanda ake fara tuhuma shi ne RAM. Ƙura tana shiga tsakaninsa da mazauninsa, kwamfuta ta kunna, fanka ta juya, wani lokacin ta yi ta ƙara, amma hoto ya ƙi zuwa. Cire shi bayan an zare wuta, a goge haƙoransa da abin goge fensir a mayar, yakan warware matsalar. Ga mai Windows 10 ko 11 wanda allonsa ya yi baƙi yana tsakiyar aiki, danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare yana sake tayar da manhajar hoto, Windows da P kuma yana zaɓar allon da hoton zai fita.

Gwajin tocila

Idan an bi duk wannan kuma allon ya ƙi, to laifin a cikinsa yake, kuma tocilar waya za ta taimaka. A kunna kwamfuta da allon, a rage hasken ɗaki, a haska gilashin daga kusa ta gefe. Idan aka hango hoto dishi-dishi kamar inuwa, labari ne mai daɗi: gilashi da bod ɗin hoto suna aiki, fitilar baya ce ta ɗauke. Tsofaffin alluna, musamman waɗanda aka ƙera kafin wajajen 2011, siraran kwalaben fitila ne a cikinsu, 'yan uwan dogon kwan nan na ofis, kuma idan sun tsufa hoton yakan fara da ja-ja kafin ya washe. Na baya-bayan nan jerin ƙananan ƙwayayen LED ne. Dukansu ana canja su.

Akwai wasu alamu da kusan kullum abu ɗaya suke nunawa. Allon da ke kawo hoto na daƙiƙa biyu ya ɗauke, ko wanda fitilarsa ke ƙyaftawa yana ƙas-ƙas, ko wanda sai an yi ta kunna shi da safe kafin ya kama, sannan kullum lokacin jiran yana ƙaruwa, akasari kafasitocin bod ɗin wuta ne suka gaji. Kafasita 'yar ƙaramar gwangwani ce mai ruwan sinadari a ciki, kuma zafi ne ke busar da shi. Ƙa'idar da masu ƙera ta ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwananta. Wanda ya san Daura a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sannan ya tuna shago mai rufin kwano da ƙurar da ta toshe ramukan shan iskar allon, zai gane dalilin da ya sa kafasitar da za ta yi shekaru a Turai take saurin mutuwa a nan. Idan an buɗe, sau da yawa ana ganin kanta ya kumbura ko ta zubar da wani abu ruwan ƙasa.

Wannan shi ne gyara mafi araha kuma mafi riba a duk harkar, kuma ba sai an je Kano ba. Mai gyaran talabijin da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai yi shi, domin cikin monita da cikin talabijin mai faɗi kusan abu ɗaya ne. Abin da mai kaya zai nema shi ne a canja duk kafasitocin da ke layin, ba wadda ta kumbura kaɗai ba, tunda tare suka sha zafin, kuma a sa masu lambar digiri 105 a jiki maimakon masu 85. Ya kuma nemi a ba shi tsofaffin da aka cire. Mai gyara na gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Gargaɗi a nan wajibi ne. Lantarkin Najeriya bolt 230 ne, kuma babbar kafasitar da ke bod ɗin wuta tana tara sama da bolt 300, tana iya riƙe shi bayan an zare waya. Tsohon allo mai ƙusumbi, irin na kwalba, ya fi haka haɗari, domin yana aiki da dubban bolt. Binciken mai kaya ya tsaya a waje. Buɗewa aikin mai sana'a ne.

Inda gyara ba ya kai wa

Alamun lalacewar gilashi ba sa ɓuya. Baƙin tabo mai kama da tawadar da ta zube, mai yaɗuwa a hankali, fashewa ce daga ciki ko da saman bai nuna tsaga ba. Yakan faru idan allon ya faɗi, ko an ɗauke shi an danna yatsa a fuskarsa, ko an ɗora masa kaya a mota. Siraran layuka masu launi daga sama har ƙasa, waɗanda ke nan daram har a kan menu kuma suke motsi idan an matsa gefen allon, suna nuna cewa siraran wayoyin da aka manne a jikin gilashin sun saki. Akwai injin da ke sake manne su, wasu masu gyaran manyan talabijin a birane suna da shi, amma ga allo mai inci 17 ko 19 kuɗin aikin da na mota da wuya su bar riba. Rabin allo ya yi fari ko baƙi shi ma yawanci nan ya dosa.

Canja gilashi gaba ɗaya kuwa, sai an sami irinsa daidai, kuma farashinsa yakan kusa na allon. Sai fa idan mai gyara yana da wani mataccen allo irinsa wanda wutarsa ce ta ƙone gilashin na nan lafiya, a haɗa biyu a tashi ɗaya.

Abubuwa biyu ne ke kama da lalacewar gilashi amma ba su kai a yar da allo ba. Ɗigo ɗaya ko biyu da suka mutu cikin sama da miliyan biyu ba sa hana buga takarda. Sannan akwai ledar da ke manne a fuskar gilashin, wadda zafi da laima kan sa ta kumbura ko ta yi tabo a tsakiya kamar ƙuna, har da wari mai tsami. Ita ana ɓare ta a manna sabuwa idan an sami mai haƙurin yi.

Lissafin da ya kamata a yi

Shawarar da ta fi dacewa, a ganina, ita ce a kwatanta kuɗin gyara da farashin allo na hannu mai lafiya irinsa, ba da farashin sabo dal ba, domin shi ne ainihin abin da mafi yawan mutane za su saya. Idan gyaran ya haura rabin wannan farashi, a haƙura. Kuma kuɗin gyara ba abin da mai gyara ya faɗa ba ne kawai. A haɗa da kuɗin mota idan sai an nemo kayan a Kano ko Katsina, da kwanakin da teburin zai zauna babu aiki. Mai shago a lokacin rajistar jarrabawa zai iya gane cewa sayen wani yau, sannan a gyara tsohon a hankali ya zama na ajiya, ya fi jiran mako guda.

Wutar da allon ke ci ma tana cikin lissafin, musamman yanzu da shaguna da yawa suka koma sola. Allo mai ƙusumbi yana cin kimanin wat 80, na LED mai matsakaicin girma kuwa kimanin 20. A aikin awa takwas, na farkon zai sha wat-awa 640, na biyun 160. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma idan irin na dalma ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan tsohon allo guda zai iya cinye rabon batir ɗin na yini shi kaɗai. Irin wannan allo ko gyaransa kyauta ne bai cancanci a mayar da shi kan tebur ba. Mai tsohuwar fitilar kwalba yana tsakiya: idan kafasita ce a gyara, idan fitilar ce ta mutu a tambayi ko za a iya mayar da shi LED kafin a yanke shawara.

Wanda ya zaɓi saye kuma ya yi hattara kada a yi tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Kayan hannu da ake kira Beljiyam sun riga sun yi shekaru a ofisoshin wasu ƙasashe. A duba takardar da ke manne a baya, shekarar ƙira tana nan. A sa a nuna fari zalla, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, domin a nan tabo da matattun ɗigogi ke bayyana. A bar shi a kunne ya yi minti ashirin, sannan a kashe a sake kunnawa. A tabbatar yana da ƙofar da ta dace da kwamfutar da ke gida. A rasit kuma a rubuta lambar jikin allon da kwanakin gwaji da aka yi yarjejeniya a kai, domin garantin baki ba ya tsallake Kazaure. Ƙaramin talabijin yana iya maye gurbin monita wajen kallon kyamarar tsaro, amma ga mai buga rubutu yini guda, haruffansa sukan gajiyar da ido.

Ko gyara aka yi ko saye, idan ba a magance abin da ya kashe na farkon ba, na biyun zai bi shi. Yawancin alluna an rubuta 100 zuwa 240 a bayansu, ma'ana ƙarancin wuta bai cika damunsu ba. Abin da ke kashe su shi ne tsallen da wuta ke yi farat ɗaya: lokacin da aka dawo da ita, ko ana sauyawa tsakanin layin KEDCO da janareta, ko janareta na shirin mutuwa don mai ya ƙare, ko tsawa a damina. A kashe allo kafin a sauya layi, a jira injin ya daidaita, a zare waya idan hadari ya haɗu. Ƙyallen da ake rufe shi da shi saboda ƙura a cire shi duka kafin a kunna. Wajen gogewa kuma, a ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi, kada a fesa ruwa a fuskar, domin yana gangarawa daidai inda wayoyin nan suke manne da gilashi.

Ga ma'aikacin gwamnati

Allon ofis yana da wata ƙa'ida da na shago ba shi da ita. Yana cikin rajistar kayan hukuma, da lambarsa, kuma akwai wanda ya sa hannu ya karɓa. Ɗaukarsa zuwa kasuwa ba tare da takarda ba, ko da da kyakkyawar niyya, yana iya zama abin tuhuma ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda hukumomin tarayya za su rabu da kayan da suka daina amfani, kuma a al'adar aikin gwamnati kwamitin tantance kaya ne ke tabbatar da cewa abu ya mutu kafin a cire shi daga rajista.

Abin da ma'aikaci zai iya yi shi ne ya rubuta wa jami'in sito ko sashen kwamfuta ainihin abin da ya gani. Takardar da ta ce allo ya lalace, buƙatar sayen sabo take zama, ta jira kasafin kuɗi. Wadda ta ce fitila na kamawa, an gwada wata waya da wata kwamfuta, ana ganin hoto da tocila, ta riga ta nuna cewa ƙaramin gyara ne da kuɗin gudanarwa na ofis zai iya ɗauka. Da za a bi ɗakunan ajiyar ma'aikatu da wannan gwaji, da alluna da dama sun koma bakin aiki.

Inda mataccen zai tafi

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. A Najeriya hukumar NESREA ce ke kula da wannan fanni, tana da ƙa'idoji a kansa tun 2011, amma a garuruwa irin namu 'yan gwangwan ne ke kwashe kusan komai.

Kwalbar allo mai ƙusumbi tana ɗauke da dalma mai yawa a cikin gilashinta, kuma mutanen Arewa ba su manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Siraran fitilun tsofaffin alluna masu faɗi kuma akwai zaiba a cikinsu, wadda ke tashi a iska da zarar an fasa. Saboda haka kada a bar wa yara mataccen allo su farfasa don neman jan ƙarfe, kada a ƙona robarsa a tsakar gida. Wanda gilashinsa ya fashe a miƙa shi ga mai gyara yadda yake, a sayar masa ko a rage kuɗin wani aikin da shi, tunda bod ɗin wutarsa da na hoto da ƙafarsa duk za su yi amfani a jikin wani allon.